Ramar Barau Mahauci

Sunansa na yanka Muhammadu, amma ko matarsa Mairama sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno. Barau kowa ke ce masa, domin 'ya'yan da uwarsa ta haifa tsakaninsa da yayarsa Dada duk sun koma, shi aka bar mata. A Gwaram aka haife shi, a gidan fawa, cikin shekarun da mutane ke noma suna waiwaye saboda maharan Ningi. Ya gaji wuƙa da tukuba a wurin ubansa, ya kuma gaji rumfar da ke gindin tsamiya a bakin kasuwa.

Barau ya iya fiɗa, ya iya gashin balangu, amma da jiki aka fi saninsa. Tun yana saurayi ya fara cika, kafin ya yi furfura kuwa babu kujerar da ke ɗaukarsa a garin, sai turmi ake kifa masa. Wuyansa ya yi ninki, damatsansa kamar cinyar wani. Mutanen Gwaram suka ɗauki wannan a matsayin shaida: mahaucin da ya yi wannan ƙiba, ai ba zai sayar da naman banza ba. Fataken da suka sauka daga Zandam ko Fagam ba sa tambayar rumfar wa za su je, tumbinsa suke hangowa su nufe shi. Har ta kai in za a je neman aure wani gari, sai a roƙe shi ya raka, ko da babu dangantaka. Ba ya cewa komai, zama kawai yake yi a zaure yana numfashi, iyayen yarinya su dube shi su tabbatar 'yarsu ba za ta kwana da yunwa a wannan dangi ba.

Shi kansa mutum ne mai sanyin hali, ba ya iya cewa a'a, kuma yana son yabo kamar yadda yake son tozo. In aka ce masa, "Barau, ka ƙara cika," sai ya shafa ciki ya ce ai rufin asiri ne na Allah, amma ranar har gida zai je yana murmushi.

Wata shekara bayan an gama girbin dawa, ya lura mazagin wandonsa ya yi tsawo. Ya ɗauka Mairama ce ta sake masa wani. Sai kambun da ke damtsensa, wanda da sai an shafa man shanu yake fita, ya zame da kansa ya sauko har gwiwar hannu yana tsakiyar datsa ƙashi. Ya yi sauri ya mayar, ya duba ko wani ya gani.

Abin da ya ɗaure masa kai, cinsa bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Yakan share akushin tuwo ya nemi ƙari, ya bi da fura, kafin la'asar yunwa ta sake kama shi. Ga ƙishirwa. Moɗa ba ta barin hannunsa, kuma abin da ya sha ba ya zama, yana sha yana zagawa bayan danga. Babu zazzaɓi, babu tari, babu inda ke masa ciwo. Nama kawai ke zubewa daga jikinsa kamar ana yankar shi a ɓoye ana kai wa wani.

Bai gaya wa kowa ba. Dabarar da ta zo masa ita ce riguna. Ya fara saka taguwa biyu a ƙarƙashin babbar riga, da aka kwana biyu ya ƙara ta uku, ya naɗa tsohon zanen Mairama a ciki don tumbin ya tsaya inda aka san shi. Da sanyi abin ya tafi daidai. Da bazara ta shigo kuwa, ga rana ga wutar tukuba, sai wata ranar kasuwa ya ga tsamiya tana juyawa, ya tafi luu ya faɗi a kan buzunsa. Jama'a suka taru suna yi masa fifita. Dabo, mahaucin da rumfarsa ke kallon tasa, shi ya fara cire masa riga don ya sha iska. Ya cire ɗaya, ya tarar da wata. Ya cire wannan, ga wata. Daga ƙarshe aka zo kan zanen Mairama. Mutumin da aka samu a cikin kayan, haƙarƙarinsa ana iya gani.

Dabo ya ce cikin murya mai taushi, amma yadda na nesa ma za su ji, "Allah sarki. To ko dai naman ne?"

Daga wannan rana ciniki ya koma tsallaken hanya.

Barau ya zauna a gida, masu sanin dalilin ramarsa kuwa suka fara sallama. Manu wanzami ne ya riga kowa. Ya latsa masa baya, ya ja fatar hannunsa ya saki, ya girgiza kai ya ce mataccen jini ne ya taru yake cin mai rai. Ya zazzage zabirarsa ya jera masa ƙaho daga kafaɗa har ƙugu. Da aka gama ya nuna masa abin da ya fito a cikin sakaina, baƙi ƙirin, ya ce to ga ɓarawon nan. Barau ya yi godiya, ya tashi jiri na ɗibarsa. Manu ya yi ta dawowa yana kama ɓarawon, Barau na ƙara tsotsewa.

Sai ga Dada ta iso daga Fagam a kan jaki, da ƙullin kayanta wanda ya nuna ba kwana ɗaya ta zo yi ba. Tana shiga ta dube shi, ta dubi Mairama, ta gama bincikenta.

"Yunwa ce," in ji ta. "An bar mini ɗan'uwa da miyar da ba ta da mai."

Mairama, wadda ta shekara da shekaru tana tuƙa wa Barau tuwon mutum uku, ta ce, "Yaya, wallahi yana ci. Ruwa ne dai ban taɓa ganin mai shan irin nasa ba. Kuma inda ya zaga, sai ki ga kiyashi sun taru a wurin."

"Ina maganar abinci kina maganar kiyashi. Ba ni maburgi."

Dada ta karɓe murhu. Aka yanka kaji, aka narka man shanu, aka dama fura da zuma. Ita ce mai ɗanɗanawa, kuma ba ta wasa da wannan aiki. Kafin wata ya mutu kumatunta sun fito, Barau kuwa idanunsa sun ƙara faɗawa. Da ta ga haka sai ta sauya magana ta ce tsila ce a cikinsa, dama mahauta ba sa jiran nama ya gasu suke kai shi baki, abin da ya ci duk ita ke karɓewa. Aka jiƙa filasko da sassaƙen maɗaci aka ɗura masa. Ya wuni yana safa da marwa tsakanin ɗaki da makewayi, Dada na biye da shi da tsinke tana dubawa. Ba a ga tsila ba. Ta ce ai wayo gare ta, ta ji ɗaci ta naɗe.

Maƙwabta ma ba su bar shi haka ba. Wani ya ce shawara ce ta ɓoye, wani ya ce ya taka sawun iska a bakin kogi, wani ya ce alhakin shanun da ya yanka ne. Duk wanda ya zo da dalilinsa yakan zo da ƙullinsa, Barau kuwa ba ya iya cewa a'a. Ya sha, ya shafa, ya yi hayaƙi, ya yi sirace, har jikinsa ya riƙa warin rumfar mai magani.

Da dalilai suka ƙare wa Dada, sai ta waiwayi maƙwabciyarsu Barira. Tsohuwa ce mai kaɗi, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a garin. Tun Barau yana yaro take ba shi ƙuli-ƙuli ta kan danga. Dada ta tuno cewa bara a wajen wani suna Barira ta kama damtsensa ta ce, "Kai ɗan nan, wannan hannu naka ko na bijimi." Kuma an ce ba ta ce tubarkalla ba.

"Ta kama maka kurwa," in ji Dada. "Ci take yi a hankali."

Barau ya ce, "Yaya, Inna Barira fa."

"Ita fa. Kai ka fi son ka mutu da ka ɓata wa mutum rai."

Ya yi shiru, shirun nan kuwa aka ɗauka ya yarda. Washegari da hantsi aka shimfiɗa shi a tsakar gida, unguwa ta cika har kan danga, aka kawo Barira a kan ta tsallake shi ta sakar masa kurwa. Ba ta yi gardama ba, ba ta yi kuka ba. Ta ajiye sandarta, ta tattare zani, ta ɗaga ƙafar da sanyi ya riƙe mata shekaru. Ƙafar ba ta kai ba. Ta yi tuntuɓe da ƙugunsa ta faɗo masa a ƙirji, ƙashi ya haɗu da ƙashi. Wasu suka yi dariya. Fuskarta na dab da tasa, ta ce a hankali yadda shi kaɗai ya ji, "Muhammadu, da ina cin mutane, ai da ban kai haka ramewa ba."

Barau ya rufe ido. A duk cutar nan babu abin da ya yi masa zafi kamar wannan. Da jama'a suka watse ya sa Mairama ta karɓo hanta a wurin Dabo, ya lallaɓa da kansa ya kai wa Barira. Ta karɓa ta ce Allah ya ba shi lafiya, amma ba ta ce ya zauna ba, kuma daga ranar ta toshe ɓarakar dangar da ke tsakaninsu da sabon kara.

Bai warke ba. Dada ta ce ai tsallaken bai cika ba, tun da faɗuwa aka yi.

Mairama ce ta kawo maganar Malam Hadi na Birnin Kudu, wanda aka ce yana da littattafan magani na Larabawa. Barau ya yarda, ko don ya huta da idon unguwa. Suka bi ayarin fatake saboda tsoron hanya, shi a kan jaki, Dada a kan wani. Jakin da aka ba shi, wanda da ko kusa da shi ba ya yarda ya zo, ya yi ta tafiya har da ɗan sassarfa. Duk rafin da suka tarar sai Barau ya sauka ya sha.

Malam Hadi dattijo ne gajere, yana zaune a zaurensa kusa da duwatsu. Bai taɓa allo ba tukuna, tambaya ya yi ta yi. Ya ce ko yana tari, ko yana gumi in ya kwanta. Barau ya ce a'a. Ya shafa masa wuya ya ji ko akwai maƙoƙo, ya tambaye shi ko gabansa na faɗuwa, ko hannu na rawa. Ya latsa cikinsa yana neman ƙulli. Ya tambayi bayan gidansa, ya duba haƙoransa, ya ce ko haɗiya na masa wuya. Sannan ya ce ko an yi masa rasuwa, ko akwai abin da ke cin ransa.

Barau ya ce, "Yanzu dai akwai, Malam. Amma ramar ta riga shi zuwa."

Da ya faɗi maganar ƙishirwa da kiyashi, Malam Hadi ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Rama ƙofofinta da yawa," in ji shi. "Na ga wanda tari ya cinye, na ga na tsutsar ciki, na ga wanda baƙin ciki kawai ya hana shi ci. Irin taka ma na taɓa gani, masu sha ba sa ƙoshi. Littafi ya ambace ta, amma abin da ya ce a sha na gwada wa wasu ban ga ya tsayar da ita ba. Ba zan ruɗe ka ba. Ka daina bari ana zubar maka da jini, ka bar jiƙe-jiƙen nan, ka rage zuma da fura ka gani ko za ka ji sauƙi. Sauran kuwa tsakaninka da Allah ne."

Barau ya ji wani sanyi a ransa, domin wannan ne mutum na farko da ya yarda bai san maganin ba. Dada kuwa tana bakin ƙofa, kuma cikin duk bayanin nan jimlar ƙarshe kaɗai ta shiga kunnenta.

Kafin su sauke kaya a Gwaram labari ya zaga. Babban malamin Birnin Kudu ya duba Barau, ya sunkuyar da kai, ya ce al'amarin wannan bawa tsakaninsa da Allah ne. Da maganar ta kai bakin kasuwa ta zama malamin ya tashi ya ba shi buzunsa. Da ta kai Zandam, har ya nemi Barau ya yi masa addu'a. Mutane suka sake duban ramar da sabon ido. Ashe gudun duniya ne. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin kitse, dare ɗaya ya juya mata baya. Waɗanda suka ce namansa ne ya lalace suka ce dama sun lura fuskarsa na wani haske. Manu wanzami ya ce shi tun ranar farko ya ga jinin ba irin na kowa ba ne.

Aka fara zuwa neman tofi. Mata da jarirai, masu ciwon ido, manoman da tsuntsaye suka dama. Dada ta zauna a zaure tana tsara masu shiga, tana karɓar abin da aka kawo, dawa, kaji, da zumar da aka ce ya rage, wadda ta ɗauke masa nauyinta. Barau bai wuce ƙananan surori ba a karatu. Ya gaya musu haka.

"Jama'a, ni mahauci ne. Ciwo ne da ni, ban san sunansa ba."

Suka dubi juna suna gyaɗa kai. Wani dattijo ya ce, "Kun ji ko? Haka suke, ba sa taɓa yarda."

Wahalar da ta fi ita ce ta abinci. Tun da an ce azumi yake yi kullum, Dada ta hana a gan shi da akushi. Ga shi yunwa ba ta sake shi ba. Sai Mairama ta riƙa kai masa tuwo bayan rumbu, ya tsuguna tsakanin rumbu da danga yana ci da sauri kamar wanda ya sato, a waje kuma mutane na jira su ga mai azumi. Wata rana yana cikin ci ya dubi Mairama, ita ma ta dube shi, sai dariya ta kama su, suka yi ta yi suna toshe baki har hawaye suka zubo masa. Ta share masa da gefen zaninta ta ce ya ci a hankali, babu mai ƙwacewa.

A wannan shekara aka yi jita-jitar mahara sun taso. Aka kwashe dabbobi aka shigo da su gari, manya suka zo suka roƙi Barau ya sa baki. Ya karanta abin da ya iya, yana jin tsoro fiye da kowa, don ya san ko gudu ba zai iya ba. Maharan suka bi wata hanya, ko kuma dama ba su taso ba. Daga nan babu sauran mai shakka. Dabo, wanda a lokacin ya fara ajiye nasa tumbin, ya zo da cinyar rago ya durƙusa yana neman gafarar maganar da ya yi a kasuwa. Barau ya yafe masa, ya juya cinyar ya ce, "Amma ka bar yanka ta nan, kana ɓata gaɓar." Dabo ya koma yana gaya wa mutane cewa maganar tana da ma'ana mai zurfi, yana nan yana tunani a kanta.

Haka ya yi 'yan shekaru. Da ya bar ƙaho da jiƙo ya ɗan ji ƙarfi, amma naman bai dawo ba. Sannu a hankali ganinsa ya dushe, tafin ƙafarsa ya daina jin ƙasa. Wata rana ƙaya ta soke shi bai sani ba, sai da Mairama ta ga jini a tabarma. Gyambon ya ƙi warkewa. Da ya ji jikin ya yi nisa, ya aika a roƙi Barira ta zo. Aka dawo aka ce ta ce ta yafe tun tuni, amma ƙafarta ba za ta iya kawo ta ba. Ya ce a gaya mata ya gode.

Ya rasu da damina, ranar wata Laraba da hantsi, Mairama na riƙe da kansa. An zaɓo ƙarti don ɗaukar makara, saboda sunan Barau har lokacin nauyi yake kawo wa mutane a rai, suka ɗaga da ƙarfi har suka kusa jefa shi. A wajen zaman makoki gardama ta tashi a ƙasa-ƙasa. Manu ya ce da an bar shi ya ƙarasa ƙahon da ba a kai haka ba. Masu iska suka tsaya a kan iskarsu. Mafi yawa suka ce babu wata cuta, kiran Allah ne ya amsa tun yana raye. Babu wanda ya tambayi Mairama.

Dada ta koma Fagam da jakai biyu na kaya. Mairama ta gama takaba ta tafi Zandam wajen 'yarsu Zahara'u. An yi wata biyu ko uku ana zuwa ɗibar ƙasar kabarinsa don a jiƙa wa yara masu rama, har wurin ya yi rami, liman ya hana. Da ciyawa ta rufe maƙabartar, masu zuwa a ɓoye suka rikice, suka koma ɗiba a kabarin da ke gefensa, na wani baƙo mai sayar da kanwa da ya mutu a garin ba a san ko daga ina yake ba. An ce ƙasar tana aiki sosai.